Hutun da 'ya'yana suka ɗora mini

An haife ni a Argungu a 1955, a gidan masunta. Mahaifina Bakabe ne na ruwa, mai homa da gora. Da damina yana fadama wajen shinkafa, ruwa na janyewa sai ya koma su. Ni kaɗai aka kai boko cikin 'ya'yansa maza, shi ma don mai unguwa ya matsa ne. Na kama aikin koyarwa a 1976, shekarar da gwamnatin soja ta buɗe shirin firamare kyauta, lokacin da ake neman malamai ruwa a jallo. Na yi yawon ƙauyuka a kan keke tun muna Jihar Sakkwato, aka ƙirƙiro Kebbi a 1991 ina hedimasta, na ajiye aiki a 2011. Ni ba likita ba ne. Tsohon malamin makaranta ne mai karanta Turanci, wanda ciwo ya tilasta wa sanin abin da masu bincike suka gano game da jikin tsoho.

Bayan ritaya ban zauna ba. Na karɓi gonarmu ta gado a fadama, na sayi injin ban ruwa da kuɗin sallama, na shiga noman rani. Kekena ke kai ni gona, shi ke kai ni kasuwa, masallaci kuwa da ƙafa sau biyar. Haka nake har 2020, shekarar da ta zo mana da abu biyu. Da farko korona, aka yi ta shela a rediyo cewa tsofaffi ta fi kamawa, su zauna gida. Sannan da damina ambaliya ta shanye shinkafar Kebbi, tawa har da ita, ko buhu ɗaya ban ɗauka ba.

A nan ne yara suka yi taronsu ba da sanina ba. Babban ɗana, wanda ko sunansa ba na kira, shi aka wakilta. Ya zo bayan isha'i ya durƙusa a zaure ya ce, “Baba, kun yi mai wuyar. Mutane suna ganinku da laka har gwiwa, mu kuma muna cin albashi a birni. Me za a ce da mu? Don Allah ku huta, abin da gonar ke kawowa mu za mu kawo.”

Wane uba ne zai ji wannan bai sa albarka ba? Aka ba ɗan ƙanena gonar. Keke aka ba wani almajirin gidan. Aka kawo mini kujera mai laushi irin ta ofishin manya aka ajiye a zaure, aka sa jika ɗaya aikinsa ke nan cika mini buta da ɗauko mini takalmi. Ranar Juma'a mota ke zuwa. In na miƙe zan ɗauki wani abu, sai mutum uku su zabura. Kuma na ji daɗi ƙwarai. Abokaina suna zuwa hira suna cewa Malam ya haifu.

Abin ya shigo a hankali. Gwiwoyi suka fara. Sai na lura in na yi sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu kafin in miƙe, daga baya sai na dafa bango, daga baya na koma sallar farilla a zaune. Masallacin unguwa da ba ya wuce taku kaɗan ya yi mini nisa, na bar wa kaina magariba da isha'i kawai. Don ciwon gwiwa ana sayo mini haɗi a wani kemis, 'yar leda mai ƙwayoyi kala-kala, fari da ruwan ɗorawa da wata mai kwanso, ba suna ba takarda. In na sha sai in ji garau kwana ɗaya. Ƙeyata ta riƙa yin nauyi da safe. Wata rana na zame a makewayi, na kasa tashi sai da aka ɗaga ni, kuma wanda ya taɓa zama hedimasta ya san abin da wannan yake yi wa zuciyar namiji.

Kowa amsarsa ɗaya. Wani aminina, wanda muka yi makarantar allo tare, yakan ce, “Tsuhwa na, Malam. Mi kaka biɗa kuma? Mun ci namu.” Sai ya kawo hadisin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, sai guda ɗaya, tsufa. Hadisi ne tabbatacce, ba ni da ja. Sai dai aminina rabin ƙarshe kawai yake riƙewa. Rabin farko umarni ne a nemi magani, kuma wa ya tantance mana cewa duk abin da ke damun mai furfura tsufan ne?

Wata asuba ina alwala buta ta suɓuce daga hannuna na dama. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na kira uwargida, abin da ya fito daga bakina ni kaina ban gane shi ba. Kafin rana ta fito sosai komai ya dawo daidai. Nan gida ya rabu biyu: masu cewa iska ce ta buge ni a yi hayaƙi da rubutu, da autata, wadda ke karatun aikin jinya, da ta tsaya kai da fata sai an tafi asibiti a ranar. Ita ta yi nasara, da kuka. Aka sa ni a mota sai Birnin Kebbi.

Likitan da ya shigo duba ni ya dubi katin, ya dube ni, sai ya ajiye biro ya rusuna. “Allah ya gafarta Malam, ba ku gane ni ba? Ku kuka koya mini lissafi a aji biyar.” Ban gane shi ba, yaran sun yi yawa. Ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun, fuskarsa ta canja. Lambar sama ta awon hawan jinina ta haura 190. Ya ce abin da ya same ni da asuba gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne: jini ya ɗan tsaya wa wani sashe na ƙwaƙwalwa sannan ya wuce, kuma kwanakin farko bayan irin wannan su ne mafi hatsari. Da an tsaya hayaƙi, ta yiwu na biyun ba zai saki ba.

Bayan gwaje-gwajen jini da na zuciya sai ya yi wani abu da ya ba ni mamaki. Ya jawo kujerar katako marar hannu, ya ce in zauna, in harɗe hannuwa a ƙirji, in miƙe ba tare da dafa komai ba. Na yunƙura, ƙafafu suka yi rawa, na koma daɓas. Ya ce in tashi yadda na saba, in taka mita uku, in juyo in zauna, yana kallon agogo. Ya ce a ƙa'idarsu wanda ya kai daƙiƙa 12 yana cikin hatsarin faɗuwa, ni kuwa na wuce nan nesa. Ya matsa cinyata da yatsunsa ta cikin wando, ya tambaye ni aikin da nake yi a yini. Babban ɗana ya amsa da alfahari, “Ai ba ma barin sa ya yi komai.” Likita ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Yaya, to wannan shi ne ciwo na biyu.”

Da yake ya san halina, da na koma ganinsa sai ya miƙo mini takardu da ya buga, ya ce, “Malam, yau ni zan ba da aikin gida.” Na kwana biyu ina fama da su da ƙamus. Biyu daga ciki ba zan manta da su ba.

Na farko an yi shi a Jihar Arkansas ta Amurka, aka wallafa a 2007. An samu dattawa lafiyayyu, sa'o'ina, masu shekaru wajen 67, aka kwantar da su a gado kwana 10 cur, ana ba su abinci isasshe. Da aka tashe su aka auna, sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka a ƙafafu kaɗai. Kwana goma! Ni kuwa na shekara fiye da biyu a kujera. Naman jiki dama yana raguwa da kansa tun daga shekara talatin da wani abu, bayan sittin ya ƙara sauri, amma zama yana ninka abin. Mahaifina yakan ce jirgin da aka jingine a tudu shi ke tsagewa, na cikin ruwa ba ya tsagewa. Jirgi yake nufi, ba ni ba, amma ranar na tuna da shi.

Na biyu shi ya hana ni barci don murna. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone, a birnin Boston, ta ɗauki mutum 10 a gidan kula da tsofaffi, masu shekara wajen 90, raunana, wasu da sanda. Ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako 8. Ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, wato ya kusa ninkawa uku, naman cinya ya ƙaru, tafiyarsu ta gyaru. Bayan shekara huɗu ta maimaita da mutum 100, abin ya sake tabbata. Kafin wannan, har likitocin Turai da Amurka suna ganin tsoho ya wuce gina tsoka, lallaɓa shi kawai ake yi. Ashe ba mu kaɗai muke zaunar da iyayenmu ba.

Batun hawan jini kuwa, abin da ya fi shiga raina shi ne binciken da aka yi a kanmu. Na gaji da jin an gwada a kan Turawa. Akwai wani babba da ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya. Sun kwatanta mutum fiye da 2,000 da suka samu shanyewar ɓarin jiki da wasu sa'o'insu da ba su samu ba, suka fitar da sakamako a 2018. Hawan jini ne uban tafiya, yana da hannu a wajen kashi 90 cikin 100. Sun kuma ga cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa sun fi shiga hatsari. Ganye fa, zogale da rama da alayyahu da yakuwa, abin da muke kira cimar talaka, wanda da zarar ɗa ya samu albashi sai ya kore shi daga kwanon ubansa ya kawo soyayyen nama da lemon kwalba.

Maganin da aka ɗora ni a kai ma akwai dalilinsa. Wani likitan zuciya na Jami'ar Abuja, Dike Ojji, ya jagoranci gwaji a ƙasashen Afirka shida da mutum 728, aka wallafa a 2019, aka ga haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata. Shi nake sha kowace safiya da abokinsa. Mutanenmu suna tsoron farawa, wai in ka fara ba ka dainawa. Gaskiya ne ba ka dainawa, domin maganin yana riƙe jinin ne, ba ya tumɓuke ciwon. Wasu kuma suna cewa tsoho dole jininsa ya hau, a ƙyale shi. An gwada wannan ma. A 2008 an fitar da sakamakon gwaji a kan mutum kusan 4,000 da suka kai shekara 80, rabi aka ba su magani, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki. Mace-mace a cikin masu shan magani ta ragu da kashi 21 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa don bai halatta a ci gaba da hana sauran ba. Ajali na Allah ne, ba mai ƙara wa wani daƙiƙa. Amma na ga yadda shanyayye yake shekara biyar a tabarma ana juya shi, kuma wannan nake roƙon Allah ya tsare ni.

'Yar ledar kemis kuwa, autata ta kai wa likitan ita. Ya zazzage a tebur yana warewa da bakin biro. Biyu masu kashe zafin gaɓoɓi ne iri ɗaya da suna daban, waɗanda ke tayar da hawan jini, su ci ƙoda, su huda ciki. Wata 'yar ƙarama kuma irin wadda ke kumbura fuska ce, tana tayar da suga tana cinye ƙashi da tsoka in an daɗe ana sha. Ya share su zuwa kwandon shara. Ya ba ni asfirin ƙarami saboda abin da ya same ni, amma ya ja kunnena kada in raba wa abokai, domin a 2018 an gwada shi a kan tsofaffi lafiyayyu fiye da 19,000 a Ostareliya da Amurka, bai ƙara musu lafiya ba sai zubar jini. Na faɗi wannan ne don na san halinmu a majalisa: kowa likitan ɗan'uwansa ne.

Yaƙi mafi zafi a madafa aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Autata ta tsaya a kan tukunyar miya tana ƙirga dunƙulen magi da ake marmasawa, ga gishiri, ga busasshen kifi da aka riga aka gisirta. Uwargida ta ce ita tun kafin a haifi mai ƙirgan take miya. An kai ruwa rana. A ƙarshe aka daidaita a kan daddawa da albasar Aliero da tafarnuwa da citta, magi ya koma kaɗan. Makonnin farko miyar salam nake jin ta. Daga baya harshe ya saba, har yanzu in na ci abincin biki sai in ji kamar an yi ɓarin gishiri a ciki.

Motsa jikin ba wani abin kallo ba ne. Da kujerar katako na fara, ina tashi ina zama, da farko da dafawa. Aka cika mini galan biyu na man gyaɗa da yashi ina ɗagawa. Ina tsayawa da ƙafa ɗaya ina riƙe da ƙyauren zaure. Jikoki suka mai da ni abin dariya, suna kwaikwayona a tsakar gida. Ciwon gwiwa ya ɗan ƙaru kafin ya ragu, kuma likita ya riga ya gaya mini haka za a yi, ya ce naman cinya shi ke ɗauke wa gwiwa kaya. Sai tafiya: ƙofar gida, bakin layi, masallaci, har na fara kai wa bakin Matan Fada da hantsi in dawo. Bayan wasu watanni na yi sallar asuba a tsaye tun daga kabbara har sallama. Gwiwar hagu har gobe tana ƙara in zan yi ruku'u, kuma ba na jin za ta daina.

Gonar ce aka fi jan daga a kanta. Yara suka ce tafiya dai sun yarda, amma fadama a'a. Na ce to ku zo ku zauna a kujerar ku ji. Aka raba: ɗan ƙanena yana riƙe da babban fegi, ni an yanka mini ɗan gefe ina zogale da alayyahu da albasa. Keke kuwa sabo na saya da kuɗin fanshona, ban shawarci kowa ba.

Karatun nan ya sa na sake duban iyayena da wani ido. Mahaifina bai taɓa zama ba, yana jan homa har ya haura saba'in, amma yanar ido ta rufe masa gani. Wani mai magani da ke yawo kasuwa-kasuwa ya zo ya zaunar da shi a tabarma, ya soka wani siririn ƙarfe a gefen idon ya tura yanar ciki. Ina tsaye ina riƙe da kansa. Ya ga haske na 'yan kwanaki, har aka yi ta barka, sannan idon ya yi ja ya mutu. Ya ƙare rayuwarsa jika na jan sa da sanda. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, kuma kashi 84 cikin 100 abu ne da ake iya karewa ko warkarwa. A cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 irin aikin da aka yi wa mahaifina ne, kuma wajen uku cikin huɗu na waɗannan sun ƙare a makance. Da tawa yanar ta nuna a idon dama, asibiti na je. Aikin bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba, aka sa mini ƙwayar roba, washegari aka cire bandeji na karanta kalandar da ke bango.

Inna kuwa gigin tsufa ta yi. Ta fara da ɓatan kuɗi a ƙullin zane tana zargin surukai, ta koma tambayar mutanen da suka daɗe da rasuwa, ta koma fita da dare wai za ta gidansu. Wasu a unguwa suka fara raɗe-raɗin da ba zan maimaita ba, abin da ake jingina wa tsohuwa in ta rikice. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, yana da suna a asibiti, kuma ba kowane tsoho yake yin sa ba. Ɗaya daga cikin manyan binciken duniya a kansa a Najeriya aka yi. Tun 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na Ibadan, tare da Hugh Hendrie na Amurka, suka riƙa bin Yarabawa masu shekara 65 zuwa sama a Ibadan da baƙaƙen fata sa'o'insu a birnin Indianapolis, da ma'auni iri ɗaya. Wani abu ya ba ni dariya: da yawa daga tsofaffin Ibadan ba su san shekarunsu ba, sai aka riƙa ƙiyasta musu da manyan abubuwan tarihi da suke tunawa, yadda mu ma muke cewa wane ya yi wayo zuwan Sarauniya a 1956, wance an yi mata aure shekarar da aka kashe Sardauna. A 2001 suka bayyana cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na mutanen Ibadan ke kamuwa, na Indianapolis kashi 3.24. Mutanen da suka fi kuɗi da asibitoci sun ninka namu fiye da sau biyu. Masu binciken sun karkata ga cewa bambancin abinci da kitse a jini da ciwon suga da cututtukan jijiyoyin jini yana da hannu, tare da gado.

Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya tattara irin waɗannan a 2024, ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya karewa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo. Na bi jerin da yatsa ina tuna Inna. Rashin karatu tun yarinta, tana ciki. Raunin ji da ba a kula ba, shekara goma muna yi mata ihu a kunne muna cewa tsufa. Raunin gani. Hawan jini, wanda ba a taɓa auna mata ba ko sau ɗaya. Hayaƙi, ita da ta ƙare ƙuruciyarta a kan murhun itace da bandar kifi. Kaɗaici, domin tun da kunne ya tafi ta daina shiga hira, aka bar ta a ɗaki don girmamawa. Ba na cewa da an gyara waɗannan da ba ta yi ba. Kashi 45 na jama'a ne gaba ɗaya, ba alkawari ne ga mutum ɗaya ba, sauran kuma yana hannun Mai sama.

Ina ganin tallace-tallace a waya, wai ƙwaya ko garin da ke mayar da tsoho yaro, har da hoton wani da farin kwat. Wani abokina ya zuba fanshon wata guda a kan irin wannan. Yawancin labaran tsawaita rai da ake yayatawa a kan ɓeraye da tsutsotsi aka gwada su. Maganin mantuwa da Amurka ta amince da shi a 2023, lecanemab, rage saurin ciwon kawai yake yi da wajen kashi 27 cikin 100 a wata 18, kuɗinsa lokacin da ya fito dala 26,500 a shekara, ga hatsarin kumburin ƙwaƙwalwa. Wannan ba zancen Argungu ba ne. Abin da ya tashe ni daga kujera ma'aunin jini ne na batir, ƙwayoyi biyu, galan na yashi da kwaɗon zogale. Su ma ba kyauta ba ne, kuɗin magani ya tashi sosai a 'yan shekarun nan, na san waɗanda ke sha yau su tsallake gobe don ya kai ƙarshen wata. Kuma likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Cibiya ta farko ta kula da lafiyar tsofaffi sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. Yara da masu ciki suna da ranakunsu a kowace ƙaramar asibiti, kuma sun cancanta. Tsoho sai ya faɗi ake kawo shi.

Yanzu ma'aunin nan yana zaure. Bayan la'asar in majalisa ta cika, duk wanda ya yarda sai in ɗaura masa, in rubuta a tsohon littafin rajista, wanda nasa ya hau in ce ya je asibiti, ba na ba kowa ƙwaya. Aminina mai hadisi ya daɗe yana ƙi, wai abin da ba ka sani ba ba ya kashe ka. Ranar da ya miƙo hannu nasa ya fi nawa na farko. Yana shan magani yanzu, amma ya ce kada in gaya wa kowa, ga shi kuwa ban faɗi sunansa ba.

Inda na kasa har yau cikin gidana ne. Namiji ko ya tsufa yana da masallaci, yana da kasuwa da jana'iza da ɗaurin aure, ƙafarsa tana taka ƙasa. Uwargida tun da aka kawo surukai biyu aka karɓe mata turmi da tsintsiya da guga, kuma a wurinta wannan shi ne girman da ta yi shekara arba'in tana jira. Daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida. Ta yi jiki, gwiwoyinta sun fi nawa ciwo, awonta na suga yana bakin iyaka. Na ce ta riƙa zagaya tsakar gida bayan asuba, ta ce, “Malam, so kake surukaina su ce na taɓu?” Na ce mu riƙa fita tare da yamma, ta dube ni kamar na yi saɓo. Autata ta gwada nata, aka ce mata rashin kunya. Dabarar da ta ɗan ci ita ce ta ziyara: ƙanwarta tana aure a wata unguwa can gefen kasuwa, na hana a kai ta a babur, na ce mai ya yi tsada. Tana zuwa da ƙafa ranar Litinin da Alhamis, jika na riƙe mata jaka, tana tafe tana mita. Kujerar katako da galan kuwa ta ce in ta taɓa su a canja mata suna.